Takin Masai da Gandun Itatuwa

Darasinmu na yau a kan abin da ba a cika faɗarsa cikin taro ba ne, watau ƙazantar masai. Kada kowa ya ji kunya. Kowane gida yana da ita, gidan talaka da gidan sarki. Za mu koyi yadda ake raba ta da cutar da ke cikinta, a ba itatuwa ita, su kuma su ba mu itacen girki da dirkokin rumfa da inuwa.

1. DAMUWA BIYU A GARI ƊAYA

A nan Kademi, da Shagogo, da Gamarya, har Toranke ta ƙasar Ajingi, ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa. Ruwan sama kamar wata huɗu yake yi, daga Yuni zuwa Satumba. Mutane sun yi yawa, gona ta haɗe da gona, daji ya ƙare. Matanmu suna girki da karan dawa da kashin shanu, alhali kuwa abincin gona ne suke ƙonewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kananzir da gas suka ƙara tsada, mutanen birni da yawa suka koma ga gawayi. Sai gatari ya daɗa shiga 'yan itatuwan da suka rage. Wannan ita ce damuwa ta fari.

Ta biyu ita ce masai. A 2022 aka shaida Jihar Jigawa, maƙwabciyarmu ta gabas, ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Abu ne mai kyau, mu ma muna so kowane gida ya haƙa masai. Amma fa kowane rami yakan cika. In ya cika, ina za a kai abin da ke ciki? Waɗansu sukan kwashe da dare su zuba a kududdufi ko bayan gari, inda yara ke wasa, awaki ke kiwo. Ruwan farko ya zo ya kwaso shi ya komo da shi cikin gari.

To, in mun bi a hankali, damuwa ta biyu za ta yi maganin ta fari.

2. TAKI BA BAƘONMU BA NE

Manoman ƙasar Kano sun daɗe da sanin taki. Tun kaka da kakanni, da rani, jakuna kan fito daga birnin Kano da mangala cike da juji, a kai gonakin karkara. Mukan roƙi Fulani su kwana da shanunsu a gonarmu. Mukan tara tokar murhu da sharar tsakar gida. Da haka ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba.

Ku dubi buhun takin zamani, za ku ga haruffa uku: N, P, K. Su ne manyan abincin shuka. N shi ke sa ganye ya yi kore shar. P yana taimakon saiwa da ƙwaya. K yana ƙarfafa kara, ya sa shuka ta jure wahala. Duka ukun nan suna cikin gero da wake da muke ci, jiki kuwa kaɗan yake riƙewa, sauran ya fitar. Masana sun auna, sun ce babban mutum ɗaya yakan fitar da fitsari kamar lita 500 da kashi kamar kilo 50 a shekara. Yawancin N yana cikin fitsari. Kashi kuwa, in ya ruɓe, yakan zama baƙar ƙasa mai riƙe danshi, abin da jigawa ta rasa ke nan.

Ashe abin da muke biyan kuɗi a kwashe mana, daga gonarmu ya fito.

3. CUTAR DA KE CIKI

Amma ku lura da kyau. Kashin mutum ba ɗaya yake da na saniya ba. Cutar da ta kama wani mutum, ta cikinsa take fita ta kama wani. A cikin ɗanyar ƙazanta akwai ƙwayoyin kwalara, da taifot, da atuni. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000. Kano da Jigawa da Bauci suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Akwai kuma tsutsar ciki. Macen doguwar tsutsar nan, wadda wasu ke kira macijin ciki, takan yi ƙwai kamar 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan yana da ɓawo mai tauri. A ƙasa mai laima da inuwa yakan wuce shekara da ransa. Wata irin tsutsa kuma ta tafin ƙafa take shiga, ta tafi hanji tana shan jini, har yaro ya ɗashe, ya rasa kuzari.

Saboda haka ga doka ta fari, ku riƙe ta: ba a zuba ɗanyar ƙazantar masai a lambun latas, ko kabeji, ko karas, ko tumatir, ko albasa. Waɗannan a kan ƙasa suke, da yawansu kuma ɗanyu ake ci. Wanda ya yi haka ya sayar wa jama'a cuta, shi da iyalinsa ma ba za su tsira ba.

4. DON ME MUKA ZAƁI ITACE?

Itacen girki da na katako ba a cinsu. Takinsu binne shi ake yi, ba a watsawa a sarari, don haka ƙuda ba ya samunsa, iska ba ta ɗauka, kaji ba sa tonawa. Saiwar itace tana tafiya ƙasa sosai, tana shan takin sannu-sannu shekara da shekaru. Gandun itatuwa kuma ba a yi masa huɗa kowace damina, balle garma ta tono abin da aka binne. Kafin a sare itacen, ƙwayoyin cuta sun daɗe da mutuwa.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A ƙasar Masar, kusa da birnin Isma'iliyya, akwai wani gandu cikin hamada ana ce da shi Sarabiyum. An fara shi a 1998, girmansa kamar hekta 200. Da ruwan ƙazantar birnin ake shayar da shi, bayan an tace. Cikin itatuwan da ke wurin akwai turare da maɗaci, irin namu.

A ƙasar Zimbabuwe, wajen ƙarshen shekarun 1990, wani masani, Dokta Peter Morgan, ya koya wa mutanen ƙauye haƙa ƙaramin masai wanda in ya cika ake dasa itace a kansa. Dabarar ta bazu har Habasha, inda aka yi dubbai.

Kusa da mu kuma, a Agye ta ƙasar Maraɗi, a 2009 manoma Hausawa 'yan'uwanmu sun gwada wannan taki a gonakinsu. Fitsarin da aka ajiye a jarka har ya kwana biyu suka sa masa suna takin ruwa. Kashin da ya daɗe a rufe ya bushe suka kira shi taki busasshe.

Wani zai ce, ai najasa ce. Gaskiya ne. Wanda ta taɓa jikinsa ko tufarsa sai ya wanke kafin ya yi salla. Amma a cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, an lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. Mai son ƙarin bayani ya je wurin limamin unguwarsu.

5. ABIN DA KE KASHE CUTAR

Abu uku ke kashe ƙwayoyin cuta cikin ƙazanta: daɗewa, da zafi, da bushewa. Toka tana taimako ƙwarai, don tana tsotse laima, ta kashe wari, ta kori ƙuda.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan wannan. Ta ce a ƙasa mai zafi irin tamu a bar ƙazanta a rufe fiye da shekara ɗaya, ba a ƙara sabuwa a kanta ba. A ƙasashen sanyi kuwa har shekara biyu. Mu dai shawararmu ita ce a bari rani biyu ya wuce a kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a shebur kamar ƙasar shuri, ba ya wari. Amma kada ku dogara ga ido da hanci kaɗai, don ƙwan tsutsa ba shi da wari. Ranar da kuka rufe rami, ku rubuta wata da shekara a jikin katanga, ku riƙa ƙirgawa.

6. HANYA TA FARI: MASAI MAI ITACE

Wannan ta fi sauƙi, ta fi kuma lafiya, don ba mai taɓa kome.

A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, watau kamu biyu da ɗan ɗori. A ɗora masa murfin siminti wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, a kewaye da zana. Kowa ya gama, ya zuba ƙoƙo ɗaya na toka gauraye da busasshiyar ƙasa. Ruwan tsarki ba laifi, amma ruwan wanka da na wanki a yi musu hanya dabam. Kada a jefa leda, ko kwalba, ko tsumma, ko tsohon batir.

In ramin ya kusa cika, a haƙa sabo a gefe, a mai da murfi da zana can. Tsohon kuwa a cike shi da ƙasa mai kyau, kaurinta ya kai rabin kamu ko fiye. A bar shi ya zauna. In damina ta kankama sai a dasa itace a cikin ƙasar nan ta sama. Saiwa za ta sauka da kanta ta sami abinci lokacin da ya nuna. Gidan da ya bi wannan hanya, kowane masai da ya cika ya zama itace ɗaya.

7. HANYA TA BIYU: RAMI BIYU

Wanda gidansa ba fili sai ya gina rami biyu, ƙafaɗa da ƙafaɗa. A yi aiki da ɗaya har ya cika, a rufe shi, a koma na biyu. Kafin na biyu ya cika, na farko ya nuna. Sai a kwashe da shebur, a ɗora a amalanke, a kai inda za a yi dashe.

A can a haƙa wa kowane dashe rami, kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. A gauraya kwando ɗaya na taki da kwando biyu na ƙasa, a zuba a gindin ramin, a rufe da ƙasa zalla a sama. Kada a cika taki, don in ya yi yawa yakan ƙone saiwar ƙaramin dashe.

8. HANYA TA UKU: DOGON RAMI

A manyan garuruwa akwai motoci masu tanki da ke zuƙe masai da sokawe. Abin da suke ɗaukowa ɗanye ne, ruwa-ruwa, cike da cuta. Kullum direbobinsu suna neman wurin juyewa, wasu manoma kuma sukan kira su gona da rani. In jama'ar gari suna da filin gandu, suna son karɓar irin wannan lodi, ga sharuɗɗa.

A fara shaida wa mai unguwa da dagaci, a kira malamin tsabta na ƙaramar hukuma ya duba wurin. Wurin ya zama tudu, bayan gari. Kada ya zama fadama, ko bakin rafi, ko hanyar da ruwa ke bi. Tsakaninsa da kowace rijiya ko burtsatse ya kai mita 30 ko fiye, watau taku 40 na babban mutum. Ƙasan ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da kamar mita 2. Zurfin rijiyoyin kusa da damina shi zai nuna muku wannan.

A haƙa dogon rami tun kafin mota ta zo, zurfinsa mita ɗaya, faɗinsa kamu biyu. A juye a ciki, kada a cika shi. A rufe da ƙasa mai kaurin kamu ɗaya a ranar, kada a kwana. A shinge wurin da ƙaya saboda yara da dabbobi. Da rani kaɗai ake wannan aiki. In damina ta zauna, a dasa itatuwa a jere a gefen ramin. Ba a shuka gyaɗa, ko rogo, ko dankali a wannan fili.

9. LODIN DA ZA A ƘI

Ba kowane lodi ake karɓa ba. A Kano akwai unguwannin masana'antu, Bompai da Sharaɗa da Calawa. Kamfanonin jima na zamani suna aiki da wani sinadari, kuromiyam, wanda ba irin bagaruwar majemanmu ba ne. Ragowarsa takan kwanta cikin lakar kwatarsu. A lakar wasu wuraren kuma akwai dalma da baƙin mai.

Bambancin shi ne, ƙwayar cuta rai gare ta, takan mutu. Gubar ƙarfe ba ta da rai, ba ta mutuwa. Rana ba ta kashe ta, toka ba ta kashe ta, shekara 20 ba ta kashe ta. In ta shiga gona, ta zauna har jikoki. Mun ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, wanda aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce.

Don haka ku tambayi direba daga ina ya ɗauko. In daga gidajen mutane ne, ko makaranta, ko masallaci, to. In daga kamfani ne, ko asibiti, ko garejin gyaran mota, ku sallame shi. In kun ga launin shuɗi ko tsanwa, ko mai yana yawo a sama, ko kun ji warin magani, ku ƙi. In kuwa baƙon direba ya matsa, har yana cewa zai ba ku kuɗi, ku tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

10. WANE ITACE ZA MU DASA?

Darbejiya, wadda wasu ke kira maina, tana jure fari sosai. Asalinta Indiya, an fara dasa ta a Barno a 1928. In an sare ta takan sake tohowa. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka dasa ta layi-layi don tare iska, gero kuwa ya fi kyau a tsakanin layukan.

Turare yana da saurin girma, sandunansa miƙaƙƙu ne, suna da kasuwa wurin magina. Amma mashayin ruwa ne, kada a sa shi kusa da rijiya ko tsakiyar gonar hatsi. Maɗaci yana da jinkiri, amma katakonsa ya fi daraja. Bagaruwa tana shinge, 'ya'yanta kuma majema na saye. Mangwaro da gwaba suna yin kyau a kan tsohon masai, 'ya'yansu kuwa suna sama, nesa da ƙasa. Wanda ya faɗo a wanke shi kafin a sha. Gawo ba ya bukatar wannan taki, shi da kansa mai ba gona taki ne. In ya tsiro a gonarku ku bar shi.

A bar mita 3 tsakanin itace da itace. A yi dashe cikin Yuli, da yamma, bayan an yi ruwa. A kewaye kowane dashe da ƙaya, don akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin shekara. A shayar da shi ranin farko. Wajen neman dashe a tambayi ma'aikatan gandun daji. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa don tare hamada, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, Kano kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa.

11. KIYAYE MAI AIKI

Mai kwasar taki ya sa takalmin roba da safar hannu, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Kada ya ci goro ko abinci yana cikin aiki. In ya gama ya wanke shebur a can, ya yi wanka da sabulu, ya wanke tufafinsa dabam. Ya riƙa zuwa asibiti karɓar maganin tsutsa. Yara ba sa wannan aiki.

Kada kowa ya shiga cikin zurfin masai ko sokawe. Akwai iska mai guba a ciki, takan sumar da mutum nan take, ta kuma kama wanda ya shiga cetonsa.

Masu yashe masai suna tsare lafiyar gari duka. A biya su haƙƙinsu, kada a raina su.

ABIN TUNAWA

Ɗanyar ƙazanta ba ta zuwa lambu.
A zuba toka, a rufe, a rubuta ranar, a jira rani biyu.
A binne, kada a watsa.
Mita 30 daga rijiya.
Lodin kamfani da na asibiti ba a karɓa.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne haruffa uku ne a jikin buhun taki? Mene ne aikin kowanne?
2. Faɗi cuta uku da ke cikin ɗanyar ƙazanta.
3. Don me aka fi so a ba itace wannan taki, ba latas ba?
4. Mene ne bambancin ƙwayar cuta da gubar ƙarfe?
5. Taku nawa ne daga masanku zuwa rijiyar da kuke sha? Ku auna yau, ku kawo amsa gobe.

LISSAFI

1. An rufe rami a watan Maris na bana. A wane wata, na wace shekara, zai cika wata 24?
2. Gefen wani fili tsawonsa mita 90. In an dasa itace a farkon layi, kuma kowane mita 3 a dasa ɗaya, itace nawa layin zai ci?
3. Unguwa tana da gida 40. Kowane gida ya dasa itace ɗaya a shekara a kan tsohon masai. Itace nawa za a samu cikin shekara 5?

RUBUTU

Kowa ya rubuta sunayen itatuwa biyar da ke garinmu, ya ja layi a ƙarƙashin wanda zai dasa bana.